Na Koyi Mota Don In Ɗauko Inna

Ribas maigidana ya fara koya mini. Na ce masa ai ko'ina gaba ake fara koya, ya ce ko'ina ba hanyar Batsari ba ce. A lokacin na daɗe da ba arba'in baya, ina koyarwa a wata firamare a Safana, kuma ko keke ban taɓa hawa ba. Motar tasa ce, tsohuwa mai giyar hannu, tana rumfa a lulluɓe tun da hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki na dama. Baki ya dawo masa, har ya fi na da, amma ƙafa da hannu sun ƙi. Kaji suka mai da ƙarƙashin motar wurin saka ƙwai.

Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, tana ƙauyenmu a bayan Ruma, a shekarun da ɓarayin daji suka hana mutanen yankin sakat. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ƙannena maza biyu suna kudu wurin nema, kuma a waya ba wanda ya kai su jarumta. Kullum sai sun kira sun ce a ɗauko Inna, a ɗauko Inna, amma ba wanda ya ce ga shi nan tafe. Direbobin haya iyakarsu Ruma, ita ma sai ranar kasuwa. Wanda zai yarda ya wuce can kuma, ba ka san da wa yake magana ba. Babur kuwa gwiwoyin Inna ba za su ɗauka ba, balle ma ta ce ita ba ta zama bayan ɗan wani. Abin da ya rage shi ne mota a rumfa, da mai motar da ba ya iya taka birki, sai ni.

Inna ba ta ƙi fitowa ba. Saƙo ɗaya ta aiko ta bakin wata mai sayar da daddawa da ke zuwa kasuwar Batsari: za ta zo, amma sai ta zaga gari ta yi sallama, an yafi juna, musamman ita da ƙawarta. Ƙawar nan darni ne kawai ya raba gidajensu. Shekara ɗaya aka kawo su garin suna amare, suka binne mazajensu a maƙabarta ɗaya, kuma ba su kiran juna da suna, "Ƙawa" kawai. Na ji saƙon na ce to. A raina na san ba mai yiwuwa ba ne, domin a shekarun nan ba a faɗin tafiya. Mutum zai kwana da niyyar Katsina, maƙwabcinsa ba zai sani ba sai ya ga ƙofa a rufe. Ba ƙiyayya ba ce. Magana ce take yawo, ba a san kunnen da za ta faɗa ba.

Maigida ya ce sai mu gama kafin gero ya yi tsawon mutum, don in ya rufe gefen hanya ba a ganin abin da ke gaba. Ruwa ya riga ya sauka. Muka fara fita filin idi bayan la'asar. Yana zaune a gefena, hannunsa mai lafiya, na hagu, a kan birkin hannu, bakinsa kuma a kaina.

"Malama, ƙafar hagun nan a hankali ake ɗaga ta. Ba kunama kika taka ba."

"Ai a hankali na ɗaga."

"To motar ce ta yi maki ƙarya."

Mai ya yi tsadar da ba a wasa da shi, don haka rabin darasin a kashe muke yinsa. Mota na tsaye, ni ina taka kuloci ina canza giya, shi kuma yana yin kukan inji da bakinsa. In na daɗe a giya ɗaya sai ya ƙara ƙara har jijiyar wuyansa ta fito, in na saki kuloci da gaggawa sai ya yi tari ya yi shiru, wai mota ta mutu. Dattawan da ke zama gindin bedi a bakin filin sun sha kallo kyauta. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tambayata ko wannan injin yana shan shayi.

Da aka zo juyawa, sai ya sa na jera duwatsu layi biyu, faɗin hanyar ƙauyenmu, ya ce a ciki zan juya, gaba, baya, gaba, ba tare da mota ta mutu ba. Duk sanda ta mutu sai ya ce, "An kama ki." Na ce ya daina yi mini mugun baki, ya ce in daina kashe mota. Ranar ban yi masa magana ba har muka koma gida. Sauran darussan da baki ya ba ni: in kin daɗe ba ki ga mota ta taho daga gaba ba, kada ki ci gaba. In kin wuce ƙauye ba ki ga mace a bakin rijiya ba, ki juya. In kin isa inda za ki, ki juya mota tukuna, sannan ki yi sallama.

Shafin intanet ɗin kuwa a ofishin malamai ya samo asali. Kullum da safe sai na ba su labarin jiya, yadda na kusa hawa mumbarin liman da baya, suna ta dariya. Wata malama da ta fi mu sanin waya ta ce asara nake yi, in riƙa rubutawa mutane su karanta. Manhajar farko da ta buɗe mini sai da ta tambaye ni launi, da irin rubutu, da hoton fuska, da taken shafi, kafin in rubuta kalma ɗaya data ta ƙare. Ta biyu duk abin da na rubuta da Hausa sai ta ja masa jan layi. Ni da nake ja wa 'ya'yan mutane jan biro, abin ya ba ni haushi fiye da yadda ya kamata. Ta ukun ce ta zauna. Farin fili ne kawai, da maɓallin ajiyewa, da na wallafawa. Sai in rubuta a gida in ajiye, in na je makaranta in tsaya bayan tankin ruwa, inda sabis ya fi kamawa, in danna.

Na farkon da na wallafa na karanta wa maigida, ya yi dariya duk da shi aka ci wa fuska a ciki. Ya ce in miƙo ya gani. Can ƙasa sai ga sunan garinmu a rubuce.

"Wa ya ce ki gaya masu inda muke?"

"Manhajar ce ta sa da kanta."

"To ita ma infoma ce. Cire."

Sai da na wahala kafin na gano inda ake kashe abin. Daga nan na kafa wa kaina doka: ba sunan gari, ba launin mota, ba lokacin fita, ba kuma dalilin koyon. Don haka masu karatu suka ɗauke ni wata hajiya ce da hutu ya yi wa yawa. Wata ta rubuto cewa na zama abin koyi ga mata. Wani ya ce in koma kicin. Na rubuta masa amsa mai tsawo, mai kyau ƙwarai, sannan na goge, don data ta fi shi daraja.

Gero yana ƙugu muka tafi, ranar kasuwar Batsari da hantsi. Ko 'ya'yanmu ba mu gaya wa ba. A kan kwalta na fara sa giya ta huɗu ta gaskiya, ba ta bakin maigida ba, na ji mota ta yi sauƙi a hannuna har na ji tsoron sauƙin. A shingen bincike suka leƙo suka ga mace a sitiyari, namiji a gefe, suka yi dariya suka ɗaga mana hannu. Daga Batsari zuwa Ruma mun yi ta gamuwa da motocin a-kori-kura masu zuwa kasuwa, kowace na gani sai in ji numfashina ya sauka. Bayan Ruma hanya ta koma turɓaya da ramukan ruwa. A nan maigida ya yi shiru, kuma shirunsa ya fi surutunsa tayar mini da hankali. A wani ɗan ƙauye muka ga mata a bakin rijiya, ya ce, "Ci gaba."

Na juya mota a ƙofar gidan Inna kafin in yi sallama. Ta mutu mini a tsakiyar juyin, maigida bai ce "An kama ki" ba, na tayar na ƙarasa, na bar ta a kunne. Inna na tsakar gida tana tankaɗe garin dawa da rariya. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙofa.

"Ke ce da mota? Ina direban?"

"Ni ce direban, Inna. Ɗauko mayafinki da maganinki."

Ba ta yi musu ba. Ta juye garin a ƙwarya, ta kakkaɓe rariyar ta rataye a bayan ƙyauren ɗakinta. Ta ɗaure kaya ƙulli ɗaya. Ta je bakin ƙofa ta gaisa da surukinta daga nesa, kai a sunkuye, gaisuwar da ba ta yarda a gajarta mata ba, har sai da ta tambayi jikinsa da yara da damina. Sannan ta nufi darni.

"Bari in leƙa wurin Ƙawa."

Ta kira, ba amsa. Ta ce, "Ta tahi gona ɗibar tafasa, yanzu ta dawo. Mu jira ta."

"Ba za mu jira ba, Inna."

"To in zaga in hwaɗa ma mutane."

"In kika zaga, kafin mu kai Ruma labari ya riga mu."

Daga waje na ji maigida yana buga ƙofar mota da tafin hannu. Na ɗauki ƙullin kayan na yi gaba. Ta kulle ɗakinta, ta tura makullin ƙarƙashin dutsen niƙa, ta biyo ni. A kujerar baya ta zauna, ba ta waiwaya ba. Har muka kai Safana magana ɗaya ta yi, wajen wani rami mai ruwa: "Kin hidda ni gari kamar wadda ta yi abin kunya." Na ji zafin maganar, amma a lokacin na fi jin tsoron ramin.

A Safana muka gyara mata ɗaki, na kai ta asibiti aka duba gwiwoyin. Ƙannena suka yi ta kira suna sa mini albarka kamar su suka haife ni. Ni dai a wurina aiki ya ƙare. Kafin a yi girbi labari ya zo cewa an tashi ƙauyen namu, kowa ya kama gabansa. Na kai Inna wata makaranta a Batsari inda aka sauke waɗanda suka gudo. Ta samu wasu 'yan garin, suka yi kuka, suka yafi juna. Ƙawa ba ta cikinsu. Wata ta ce ta bi 'yarta wajen Jibiya, wata ta ce sun taho tare har wani wuri daga nan ba ta ƙara ganinta ba. Kowa da abin da ya gani yana gudu.

Wata rana da yamma Inna ta ga ina latse-latsen waya a tabarma, ta ce mi nake yi kullum da abin nan. Na ce rubutu nake yi, mutane suna karantawa.

"Har ina yake kaiwa?"

"Ko'ina, Inna. Har ƙasashen waje."

Sai ta ce, "To sa mani magana."

Akwai maɓallin ɗaukar murya a manhajar, ban taɓa taɓa shi ba sai ranar. Na ce mata da sharaɗi, ba sunan gari, ba sunan mutum. Ta ce to ta yaya za ta gane da ita ake? Sai kuma ta ba kanta amsa, ta ce ai muryarta ce, Ƙawa ko a cikin kasuwa za ta gane ta. Ta gyara mayafi kamar za ta shiga gidan mutane, ta matso da baki kusa da wayar.

"Salamu alaikum, Ƙawa. Ni ce. Ban yi maki sallama ba, ba da son raina ba, 'yar nan ce ta zo da mota a kunne. Ki yahe mani. Ni na yahe maki duniya da lahira. Rariyarki da na ara tana bayan ƙyaure, makulli na ƙarƙashin dutsen niƙa, in kin koma ki ɗauka."

Washegari na tsaya bayan tankin ruwa na danna. Duk abin da na rubuta a kan kuloci da giya bai samu jama'ar da wannan ɗan saƙon ya samu ba. Manhajar tana da taswira, inda aka saurara sai ya yi duhu, na ga duhun ya bazu har ƙasashen da sai a darasin labarin ƙasa nake ambatonsu. Aka yi ta addu'a. Wasu suka ce sun yi kuka. Wasu suka ce in faɗi sunan garin su taya mu nema, na ƙi, domin ban san wa ke tambaya ba. Kowace safiya, bayan mun gaisa, Inna sai ta ce, "Ta ji?" Na taɓa nuna mata taswirar. Ta ce wannan duhun na mi ne, na ce mutanen da suka saurare ta ne. Ta ce, "Ita fa?" Manhajar ta san ƙasar da mutum yake, ta san irin wayar da ke hannunsa, ta san ko ya saurara har ƙarshe. Abu ɗaya da ake tambayata kullum shi ne ba ta sani ba, kuma na ji haushinta kamar mutum ce.

Da rani ya shiga, Inna ta canza tambaya. Ta same ni ina wanke gilashin mota, ta ce, "'Yar nan, da can kin ce ba direba. Yanzu ke ce direba. Mai da ni in yi sallama mu dawo."

Na ce ba inda za ni. Na ce wa za ta yi wa sallama, bango? Na ɗaga mata murya yadda ban taɓa yi ba, ta juya ta koma ɗaki a hankali da sandarta. Na zaci maigida zai goyi bayana. Sai ya ce daji ya buɗe, ana hango nesa, kuma ya ji mutane na shiga da rana suna kwaso abin da ya rage masu. Ya ce in za a je, yanzu ne, in ba za a je ba kuma in shirya jin "ta ji?" har ranar da ɗayanmu zai bar duniya. Na ce shi ba shi zai tuƙa ba. Ya ce ai dama.

Ranar kasuwa muka sake tafiya. A Ruma muka tsaya muka tambayi hanya, aka ce da safen nan wasu sun shiga sun fito lafiya. Bayan Ruma ba mace a bakin rijiya, don ba kowa a ƙauyen rijiyar ma. Na dubi maigida, dokarsa ce, ya kau da kai ya ce, "Ci gaba."

Na juya mota a ƙofar gidanmu, gaba, baya, gaba, ba ta mutu ba. Ba wanda ya yaba. Na bar ta a kunne, ƙafata a kan kuloci, giya a ɗaya. Tun da hancin motar waje yake kallo, ta madubi na ga abin da ya biyo baya.

Inna ta fita da sandarta. Ba gidanta ta fara shiga ba. Ta tsaya a ƙofar gidan farko, wanda ba shi da ƙyaure, ta ce, "Salamu alaikum masu gida." Ta jira daidai yadda ake jira a amsa. Sannan ta faɗi abin da za ta faɗa, ta matsa gida na gaba. Haka ta bi layin, har da gidan da rufinsa ya ƙone, har da na wata mata da na san sun shekara ba su ga maciji da juna. Kukan inji bai bar ni na ji duka ba, sai sallamar kawai, don ita take ɗaga wa murya. Idona ɗaya na kan madubi, ɗaya na kan daji. Tsoro nake ji ƙwarai, da kuma tausayinta, ban san wanda ya fi yawa ba.

Daga ƙarshe ta shiga gidanta. An ɓalle ɗakin an kwashe komai, ta gaya mana daga baya, har tabarma, amma ba wanda ya kula da rariya. Na gan ta ta fito da ita a hannu, ta kakkaɓe ta a jikin zaninta, ta yi sallama a ƙofar Ƙawa, ta jira, ta shiga. A nan ta fi daɗewa. Maigida ya fara buga ƙofar mota da tafin hannu, na ce ya bar ta. Ya bari.

Ta fito hannu ba komai. Ta shiga baya, ta gyara sandarta tsakanin gwiwoyi, ta ja ƙofa da kanta.

"Mu tahi."

Na saki kuloci a hankali. Mun isa Safana kafin la'asar, ta yi salla, ta ci tuwo fiye da yadda ta saba. Ban rubuta wannan tafiyar a shafin ba. Abin da na wallafa a makon shi ne yadda ake tayar da mota a kan tudu ba tare da ta koma baya ba, kuma bai samu jama'a sosai ba. Saƙon muryar yana nan inda na sa shi, lokaci-lokaci wani sabo yakan ci karo da shi ya rubuto yana tambaya ko ƙawar ta ji. Inna dai tun daga ranar ba ta ƙara tambayata ba.